Laifi Ɗaya, Tara Nawa?

Marigayi kawuna, Allah Ya jiƙansa, falken hatsi ne. Duk ranar Alhamis yakan yi sammako daga Ƙaura Namoda zuwa kasuwar Shinkafi, ya auni gero da dawa, ya yi lodi ya juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Wata rana, ina ɗalibi na zo hutu, na raka shi, kuma a wannan tafiya aka ci shi tara sau uku a kan mota ɗaya. Laifin kuwa ba ƙage ba ne: lodi ya wuce ƙa'ida, buhunan sama har sun karkata. A shinge na farko ya biya aka ba shi 'yar takarda. A na biyu ya miƙa ta, mai kakin ya juya ta gaba da baya ya ce wannan ta waɗancan ce, su ofishinsu daban. A na uku ko kallon takardar ba a yi ba. Da muka sauke kaya ya zauna bisa buhu yana lissafi da yatsu, can sai ya ɗago ya ce da ni, "Kai ɗana, ku da ka karatun boko, hwaɗa min, laihi guda sau nawa a ka biya nai?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Tambayar ta kwanta a raina shekara da shekaru, sai ga shi wanda ya tashe ta ba falke ba ne, ɗaya ne daga cikin kamfanoni mafiya arziki a duniya.

A watan Yulin 2024 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Ta ce binciken da ta yi na wata 38 ya nuna kamfanin yana kwasar bayanan 'yan Nijeriya yana rarraba su ba da yardarsu ba, yana ba mu zaɓin da bai kai wanda yake ba mutanen wasu ƙasashe ba, kuma yana amfani da ƙarfinsa a kasuwa ya ɗora wa jama'a sharuɗɗan da ba su da yadda za su yi da su: ko ka amince, ko ka bar manhajar. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar ranar 25 ga Afrilun 2025, ta ƙara masa dala 35,000 kuɗin bincike. Ba wannan hukuma kaɗai ta miƙo hannu ba. Hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, ta yanka masa tata tarar ta dala miliyan 32.8, hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ita kuma ta nemi naira biliyan 60. In an haɗa, abin ya doshi dala miliyan 290. A cikin takardun da ya shigar kotu, kamfanin ya ce abin na iya kai shi ga rufe Facebook da Instagram a Nijeriya.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ranar da na fara jin labarin cewa na yi Allah Ya ƙara. Barazanar rufewar ce ma ta ƙara fusata ni, domin mu mutanen Zamfara ba labari aka ba mu ba game da ɗaukewar sadarwa. A farkon Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, muka yi makonni mutum sai ya tsallaka wata jiha kafin ya gaya wa ɗan'uwansa an yi haihuwa ko an yi rasuwa. Wanda ya ɗanɗani wannan ya san abin da ake nufi in mai riƙe da igiya ya ce zai sake ta.

Babakere a kasuwa ma ba baƙonmu ba ne. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya ta Gusau a 1929, kuma nan ya tsaya. A wannan shekarar ce aka haɗe manyan kamfanonin Ingila biyu masu ciniki a Afirka ta Yamma aka kafa UAC. Jirgin ya zo da albarka, babu mai musu, ya mai da garin matattarar gyaɗa da auduga daga Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke tsakani. Sai dai masu sikeli 'yan kaɗan ne, masu kawo kaya kuwa dubbai. Manomin da ya kwana biyu a hanya da jakinsa ba zai koma gida da gyaɗarsa ba don farashi bai yi masa ba, kuma in ya bar wannan kanti ya je na gaba, ba lalle ya ji wani farashi daban ba, domin manyan kamfanonin zamanin sukan haɗa baki a kan abin da za su saya. A ƙasar da ake kira Gana yau, irin wannan haɗin baki ne ya sa manoman koko suka ƙi sayar da amfaninsu daga ƙarshen 1937 zuwa 1938. Daga 1949 kuma hukumomin ciniki na gwamnati suka karɓi ragamar gyaɗa da auduga, su kaɗai ke da ikon fitarwa waje, su ke yanka farashi, har zuwa 1986 da aka rushe su. Mai babakeren ya sauya riga, manomi dai yana nan a ƙasan kashin dankali.

Duk tsawon wannan zamani, har bayan samun 'yancin kai da kusan shekara sittin, Nijeriya ba ta da cikakkiyar doka guda mai hana babban ɗan kasuwa danne ƙarami. Sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa FCCPC. Dokar ba ta ce girma laifi ne ba. Wanda ya fi kowa ciniki saboda kayansa sun fi kyau ko sun fi araha, Allah Ya sa albarka. Abin da sashe na 72 ya hana shi ne mai ƙarfi ya yi amfani da ƙarfinsa ya cuci kasuwa: ya tsauwala farashi don ya san babu wurin gudu, ko ya karyar da shi ƙasa da kuɗin da ya kashe har sai abokan gasa sun mutu, ko ya ce ba zai sayar maka da wannan ba sai ka haɗa da wancan, ko ya saye ɗan abin da kowa ke buƙata don ya hana wasu. Tarar tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani na shekarar da ta gabata. Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tun tuni malamai suka yi bayanin hanin ɓoye abinci don ya yi tsada, da hanin tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa.

Saboda haka ina tare da wannan doka, kuma ina son tararta ta yi zafi. Amma da fushina ya huce na sake duba lissafin nan na hukumomi uku, sai na ji muryar kawu.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ƙaramin sashe na 9, ya tanadi cewa duk wanda kotun da ke da hurumi ta yi wa shari'a a kan wani laifi, ta same shi da laifin ko ta wanke shi, ba za a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi ba, ko a kan wani mai ginshiƙai iri ɗaya da shi, sai fa in babbar kotu ce ta ba da umarni. Ba mu muka ƙago wannan ba. Rumawa sun san shi, yana cikin gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, kuma malamanmu na fiƙihu suna da makamancinsa, inda suka ce alƙali ba ya warware hukuncin alƙali ɗan'uwansa don kawai shi ra'ayinsa daban. Hikimar a fili take. Hukuma tana da 'yan sanda da lauyoyi da baitulmali da lokaci. Mutum ɗaya yana da rai ɗaya da aljihu ɗaya. In aka bar mai ƙarfi ya yi ta gwadawa, ko bai yi nasara a kotu ba zai yi nasara da gajiyarwa. Kuma hukumar da ta san harsashi ɗaya gare ta, dole ta natsu ta yi bincike kafin ta harba.

Akwai wani dalili da mutanen yankinmu suka fi kowa fahimta, ko da yake ba na jin daɗin kawo shi. Ƙauyuka da yawa a Zurmi da Shinkafi sun sha tara kuɗi su kai wa 'yan bindiga don a bar su su yi noma ko su kwashe amfanin gona. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne biyan ba ya rufe magana. Ka biya wannan daba, gobe wata ta aiko, ko ita wadda ka biya ta dawo ta ce an sake laifi. Ba ina kwatanta hukuma da ɗan bindiga ba ne, Allah Ya kiyaye. Cewa nake abin da ya raba hukunci da fashi, baya ga halaccin mai yin sa, shi ne hukunci yana da iyaka, wanda aka hukunta yana iya cewa na biya, ya tashi ya ci gaba da rayuwarsa. Ranar da hukuma ta rasa wannan, ta zubar da wani abu da kuɗin tarar ba zai saya mata ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Wancan sashe na tsarin mulki maganar kotu yake yi da shari'ar laifi. Tarar da hukuma ta rubuta a ofishinta ba shari'ar kotu ba ce, aƙalla a zahirin lafazi. Ke nan a iya cewa kariyar ba ta shafe ta ba, hukuma goma na iya cin mutum tara goma a kan aiki ɗaya, kowace ta ce dokarta daban, kamar dai mai kakin nan na shinge na biyu. Alhali tarar ofis a yau ta fi ta kotu nauyi nesa ba kusa ba. Wace kotun majistare ce ta taɓa yanka wa wani dala miliyan 220? Kotunanmu ma ba su tsaya a magana ɗaya ba game da matsayin irin wannan tara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar kamfanin Mobil da NOSDRA, hukumar da ke lura da malalar mai, ta ce tara hukuncin laifi ce, kotu ke da hurumin yanka ta. In kuwa haka ne, ban ga yadda za a ce abu hukuncin laifi ne wajen zafi, sannan a ce ba shi ba ne wajen kariya.

Turawa sun sha wannan muhawara kafin mu, kuma shari'ar da ta fi fito da ita ta gidan waya ce. Kamfanin bpost shi ne tsohon gidan wayar Beljiyam, shi ke riƙe da kasuwar wasiƙu. A 2010 ya fito da sabon tsarin ragi ga masu aika wasiƙu da yawa, tsarin da ya takura dillalan da ke tattara wasiƙun mutane daban-daban su kawo a dunƙule. A 2011 hukumar kula da gidajen waya ta ci shi tarar yuro miliyan 2.3, ta ce ya nuna bambanci tsakanin abokan ciniki. Daga baya kotu ta soke wannan tara. A ƙarshen 2012 hukumar kula da gasa ta zo a kan wannan tsarin ragi dai, ta ce danniya ce ta mai ƙarfi a kasuwa, ta yanka masa kimanin yuro miliyan 37.4. Kamfanin ya ce an riga an yi mini shari'a a kan wannan. Magana ta yi ta hawa da sauka har ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci ranar 22 ga Maris na 2022.

Abin da kotun ta faɗa ya cancanci ɗalibanmu na shari'a su zauna da shi. Ta ɗauki irin wannan tara mai nauyi a matsayin mai kama da hukuncin laifi, don haka kariyar ta shafe ta, ko da ofis ne ya rubuta. Ta ce abin dubawa shi ne aikin da aka aikata, ba sunan da kowace doka ta laƙaba masa ba: in mutum ɗaya ne, aiki ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, to abu ɗaya ne. Amma ba ta rufe ƙofa ruf ba. Ta ce hukuma ta biyu tana iya shigowa in dokarta wata maslaha daban take karewa, da sharaɗin doka ta fayyace tun farko cewa aikin na iya jawo hukunci biyu, hukumomin su yi aiki da sanin juna a lokaci makusanci, kuma in aka haɗa hukuncin gaba ɗaya kada ya wuce girman laifin. A taƙaice, ba a hana hannu na biyu ba, amma dole ya tambayi abin da na farko ya karɓa.

In na ɗora wannan ma'auni a kan Meta, ba duka ukun nake ƙorafi a kai ba. Sakin talla ba tare da izini ba wani aiki ne daban da kwasar bayanan mutane. Wanda ya yi sata kuma ya yi duka ba zai ce an yi masa hukunci biyu ba. Inda nake da tambaya shi ne tsakanin FCCPC da NDPC. Binciken nan na wata 38 tare suka yi shi, kuma zuciyar maganar duka biyun ita ce yadda kamfanin ke sarrafa bayananmu. Mai yiwuwa ayyukan da kowace ta hukunta sun bambanta a daki-daki. In haka ne, haƙƙin jama'a ne a fito a nuna musu: wannan tara ta wannan aiki ce, waccan ta wancan, ga kuma yadda ta biyu ta yi la'akari da ta farko. Dokar 2019 da kanta, a sashe na 105, ta ba FCCPC fifiko a kan sauran hukumomi a sha'anin gasa da kare masu sayayya, ta kuma umarce ta ta ƙulla yarjejeniya da su don kada aiki ya riƙa cin karo. Majalisa ta hango matsalar ke nan. Abin da ba ta rubuta ɓaro-ɓaro ba shi ne haƙƙin wanda aka ci tara ya ɗaga takardarsa ya ce a lissafa wannan.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: wannan kariya masu kuɗi take yi wa aiki. Akwai gaskiya a ciki. A Disamban 2019 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, ɗaurin shekara 12 a kan kuɗin da suka haura naira biliyan 7. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, ba don ta ce ba a yi laifi ba, sai don alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara lokacin da ya dawo ya ƙarasa ta. A Satumban 2021 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana EFCC sake gurfanar da shi, kuma wannan sashe na 36 yana cikin hujjojinta. Mai karatu na iya yin nasa hukunci. Ni abin da na ɗauka shi ne garkuwar da aka ƙera don mara ƙarfi, wanda ke da lauyoyi ne ya fi sanin inda aka rataye ta.

A fagen kasuwa haɗarin ya ma fi haka. In aka ce tarar farko tana rufe magana ko ta halin ƙaƙa, to kamfani mai wayo zai nemi hukuma mafi rauni, ko mafi sauƙin shiga, ta yi maza ta ci shi 'yar tara, ya karɓi rasit ya rataya a wuya kamar laya. Gobe in masu binciken gaske suka zo, sai ya nuna musu. A ƙasar da ake iya sayen sa hannu, wannan ba tatsuniya ba ce. Shi ya sa ban yarda da masu cewa tara ɗaya tak ba, ko nawa ce, ko wa ya yanka. Dubi bpost: da an tsaya a kan ta farko, da yuro miliyan 2.3 ta share miliyan 37.4. Tarar da ba ta kai ribar da aka ci da danniya ba, kuɗin shiga kasuwa ce kawai, akanta zai rubuta ta a layin da yake rubuta kuɗin lantarki.

Duk da haka ba zan yar da garkuwar don wani ya ɓuya a bayanta ba, saboda na san wanda rashinta ya fi ci. Meta na iya ɗaukar manyan lauyoyi ya yi shekara biyar yana shari'a, abin bai taɓa cinikinsa ba. Mai shago a Ƙaura fa? A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ban kawo wannan don in ce wa ke da gaskiya ba. Ka ɗauka dai ɗan kasuwa ɗaya ne da sito ɗaya, ka ƙirga hannayen da ke iya isa ƙofarsa a kan buhunan nan: na jiha, na tarayya, na ƙaramar hukuma, da kowane kwamitin kar-ta-kwana da aka kafa da daddare. In babu ƙa'idar da ta ce na biyu ya lissafa na farko, ba wanda ya fi laifi ne zai fi biya ba, wanda ya fi rashin uban gida ne. Kuma kowace tara a kan mudu take sauka, mai saye ne zai biya ta a ƙarshe.

FCCPC ta taɓa nuna ta san yadda ake rufe magana. A Disamban 2023 ta sanar da cewa kamfanin taba na British American Tobacco zai biya dala miliyan 110 bayan binciken da aka fara tun 2020, za a sa masa ido na wata 24, ita kuma ta janye tuhumar laifi da ta shigar a kansa ta kawo cikas ga bincike. Ana iya jayayya a kan ko kuɗin sun isa. Amma siffar abin ita ce wadda nake so: lissafi ɗaya, mai nauyi, a bainar jama'a, da sharuɗɗan gyara, sannan kowa ya san an gama. Abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na tarayya, har da masu wakiltar Zamfara ta Arewa, shi ne su mai da wannan siffa doka. Duk hukumar da za ta ci wani tara ta wajaba ta binciki ko wata ta riga ta a kan aikin nan, ta rubuta amsar a cikin hukuncinta, ta cire abin da aka biya. In kuma ta ga tarar farko wasa ce, ta je gaban kotu ta nuna dalili kafin ta ƙara. A sa wannan ya hau kan babban kamfani da mai tireda baki ɗaya.

Saura abu ɗaya, wanda sai da na girma na lura da shi a labarin kawu, kuma ba ya goyon bayansa. Mai kakin shinge na biyu yana da hujjar da bai san yana da ita ba. Kawu ya biya a shingen farko, gaskiya ne, amma bai sauke ko buhu ɗaya ba. Ya ci gaba da tafiya da lodin da aka ce ya yi yawa. Wanda aka hukunta ya ci gaba da aikin, sabon laifi yake yi, ba tsohon ake sake tuhumarsa da shi ba. Haka dokar gasa take: kamfanin da aka umarta ya daina danniya ya ƙi, ba shi da bakin cewa an riga an ci ni tara. Hukuncin da aka yi wa Meta ba kuɗi kaɗai ba ne, har da umarnin ya mayar wa 'yan Nijeriya ikon zaɓar abin da za a yi da bayanansu, ya daina haɗa bayanan WhatsApp da na sauran manhajojinsa ba da izini ba. Jaridu, har da wannan shafi, mun fi zaƙuwa da adadin dalolin. Ban cika jin ana tambayar ko wayar da ke aljihun ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura ta sauya hali ba.

A shingayen nan uku babu wanda ya ce wa kawu ya rage kaya. Kowa ya karɓi nasa ya ɗaga sanda. Buhunan nan da suka karkata tun daga Shinkafi, da su muka shigo Ƙaura, ina zaune a ƙarƙashinsu.